Ba da yawuna ba: maganar takardar da za a kaɗa wa ƙuri'a ranar Asabar

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman 'yan makarantarmu.

Rubutun yana da tsawo, a yi haƙuri da ni. Na ɗaga hannu a mitin ɗin ranar Lahadi aka ce magariba ta gabato, a bari sai wani zaman. Na rubuta a guruf ɗinmu na WhatsApp, ko minti goma bai yi ba admin ya goge, ya biyo ni ta gefe ya ce in rufa asiri kada in raba kan jama'a. To ga shi na kawo nan, inda ba mai gogewa sai ni.

Ga wanda bai san abin da ake ciki ba. Mako biyu da suka wuce ɓarayi sun shiga wani gidan haya na ɗalibai a unguwar da ke bayan ƙaramin get. Sun kwashe wayoyi da laftof, sun sari wani yaro ɗan aji biyu a hannu. Ya yi kwana uku a asibiti, alhamdu lillahi an sallame shi. Har zuwa yanzu da nake rubutun nan ba a kama kowa ba. Amma kafin gari ya waye labari ya gama unguwa cewa "aboki" ne, saboda wata yarinya ta ce ta ji kamar suna Hausa. Yarinyar da ko "sannu" aka ce mata ba ta san amsarta ba.

Masu gidajen unguwar suka yi taro, suka ce a kawo musu sunayen duk ɗan Arewa da ke sana'a a wurin: masu acaba, masu shayi, masu ruwa, masu gadi, 'yan bola jari. Suka aiko wa ƙungiyarmu da saƙo cewa tunda mu ne 'yan boko a cikin mutanenmu, mu faɗi matsayarmu.

Shugabanninmu suka zauna suka rubuta amsa, ita ce aka karanta mana ranar Lahadi. Abu uku ta ƙunsa. Na ɗaya, wai mu 'yan Arewa na asali mutanen kirki ne, masu aikata irin wannan laifi baƙin haure ne daga Nijar da Chadi da ke fakewa da mu. Na biyu, wai muna goyon bayan a fitar da su daga unguwar. Na uku, wai ƙungiya za ta ba da ɗalibai su zauna a kwamitin tantancewa, su saurari Hausar mutum su faɗi ko ɗan Najeriya ne ko ba ɗan Najeriya ba ne. Ranar Asabar bayan la'asar za a kaɗa ƙuri'a a kai.

Ni dai ba zan sa hannu ba, kuma ina roƙon ku kada ku sa.

Ba na zargin shugabanninmu da mugunta. Tsoro ne, kuma ni ma ina jin sa. Duk mun tuna yadda rigimar kasuwar Shasha a Ibadan ta faro a watan Fabrairun 2021, daga sa-in-sa tsakanin mai dako da wata 'yar kasuwa, ta ƙare da ƙone-ƙone da gawawwaki. Duk mun ga bidiyon Uromi a watan Maris na 2025, mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su gida yin sallah, aka tare motarsu aka ce masu garkuwa da mutane ne aka kashe su. Wanda ke kwana a gidan haya a tsakiyar mutanen da ba yarensa ɗaya da su ba, ya san abin da ake nufi da jita-jita. Na fahimci mai son ya kashe wutar nan tun tana ƙarama. Abin da nake cewa shi ne wannan takarda fetur ce, ruwa kawai take kama da shi.

Mu fara da tambaya mafi sauƙi. Wa ya ce 'yan Nijar ne suka yi fashin? 'Yan sanda ba su faɗa ba. Yaron da aka sara ya ce fuskokinsu a rufe suke. Babu wanda aka kama da waya ko ɗaya. Mu da kanmu ba mu ma tabbatar Hausawa ba ne. Amma takardarmu ta tsallake duk wannan, ta amsa laifin, sannan ta miƙa shi ga wanda ya fi mu rauni. Shekara da shekaru muna kuka cewa idan mutum ɗaya ya yi laifi a Kudu sai a ce "aboki", a haɗa da mai digiri da mai tura baro. Yau an ba mu alƙalami, sai muka yi daidai abin da ake yi mana, muka sauko da shi mataki ɗaya.

Ku tuna ƙarshen watan Yulin 2024. An kashe ƙananan yara mata uku a garin Southport na Ingila, aka yaɗa a intanet cewa wanda ya yi kisan Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta kwalekwale. Ƙarya ce, a Birtaniya aka haife shi. Amma duk da haka an jefi masallaci, an yi yunƙurin cinna wa otal ɗin masu neman mafaka wuta a Rotherham da mutane a ciki. A guruf ɗin nan namu kwana uku ana tsine wa Turawa. Wani ma cewa ya yi wannan ita ce wayewar da suke taƙama da ita. To yau ga jita-jita irin ta Southport a bayan get ɗinmu, mu kuma mun ɗauko biro za mu buga mata hatimi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai maganar tantancewa da kunne, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Dan Allah wa zai zauna a kujerar? Yawancinmu a nan 'yan Kano ne da Zariya da Kaduna da Bauci. Idan mutum ya zo ya ce "mi kaka so", ko ya ce "tahi" maimakon "tafi", ko "muna" maimakon "mana", kunnen ɗan Kano zai ce wannan ɗan Nijar ne. Alhali haka ake magana a Illela da Sabon Birni da Isa da Gwadabawa. Mutumin Jibiya ya fi kusa da Maraɗi a kan Kano, a tafiya da kuma a harshe. Illela da Ƙonni kusan gari ɗaya ne da shinge a tsakiya. Iyakar nan ta kai kimanin kilomita 1,500, ta bi ta jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Ingila da Faransa ne suka ja ta a kan takarda tsakanin 1890 da 1906, ba su tambayi kowa ba. Har gobe sarautar Maraɗi sunanta Sarkin Katsina, ta Tsibiri kuma Sarkin Gobir, domin gidajen sarautar da suka bar garuruwansu bayan jihadi ne suka kafa su.

Ni kaina kakata ta wajen uwa 'yar Maraɗi ce. Idan na yi waya da gida, abokan ɗakina 'yan Kano dariya suke yi wa Hausata. Da ba katin makaranta a aljihuna, da ni ma zan iya faɗuwa wannan jarabawar.

Za ku ce ai sai a nemi takarda. Wace takardar? Mutanenmu nawa ne a ƙauye ke da takardar haihuwa? Wanda 'yan bindiga suka ƙone garinsu a Zamfara ya gudo da rigar jikinsa ya shigo tirelar shanu zuwa Kudu, ina ya ga takardar shaidar ƙaramar hukuma? Wannan mutumin ɗan ƙasa ne, sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi 'yancin ya zauna duk inda ya so a Najeriya. Shi ne na farko da kwamitinku zai kora, saboda shi ne ba shi da takarda, ba shi da Turanci, kuma Hausarsa irin ta bakin iyaka ce.

Kuma kada wani ya ɗauka kalmar "baƙo" tana tsayawa inda aka ajiye ta. A watan Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ta ce ɗan Chadi ne, ta kai shi ta ajiye a hayin iyaka. Zaɓaɓɓen ɗan majalisa fa. Sai da aka je kotu ta tabbatar ɗan Najeriya ne, ta ce a biya shi diyya. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi. Mai ruwan bayan get wa yake da shi?

Na san lissafin da shugabanninmu suka yi. Suna ganin idan muka ware kanmu, muka ce ga namu ga ba namu ba, za a bar mu mu sha iska. Ina ma haka ne. Waɗanda aka kashe a Uromi akasarinsu 'yan jihar Kano ne, ba wanda ya tambaye su katin zaɓe. Ranar da wuta ta tashi, mai gora a hannu ba ya bambance Zinder da Zariya. Hula yake gani da doguwar riga. Abin da kawai takardar nan za ta yi shi ne ta tabbatar masa cewa a cikin masu hular nan akwai ɓarayi, tunda ga 'yan jami'arsu sun rubuta da hannunsu. Kuma da zarar mun yarda ƙungiyar masu gidaje tana da ikon tantance wanda zai zauna a unguwa bisa asalinsa, shi ke nan mun buɗe ƙofa. Bana 'yan Nijar ne. Baɗi idan aka sake sata za a ce 'yan Zamfara ne, ai can ne gidan 'yan bindiga. Wata shekarar a ce 'yan Borno. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci min rai, wato bashin da ke kanmu.

A daidai lokacin da muke shirin korar 'yan Nijar daga unguwa guda, dubun dubatar 'yan Najeriya suna zaune a Nijar a matsayin 'yan gudun hijira. Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ke tsallakawa jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga. Kafin wata hukuma ta iso da tanti, talakawan ƙauyukan Gidan Rumji ne suka buɗe musu gidajensu, suka raba geron da su ma bai ishe su ba. A Difa, mutanen Borno da Yobe sun fi shekara goma suna zaune tun da Boko Haram ta tarwatsa Damasak da Malam Fatori. A Kamaru akwai sansanin Minawao da aka buɗe a 2013, cike da mutanen Gwoza da Bama, an haifi yara a can da ba su taɓa ganin Najeriya ba. A Chadi akwai namu a Baga Sola, a bakin tafki. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya, amma ba ta kafa kwamitin sauraren Hausar Bazamfare ba.

Kuma mun san ɗacin abin idan aka yi mana. A watan Janairun 2019, bayan harin Rann, dubban mutane sun gudu Kamaru, aka tasa ƙeyarsu aka mayar da su inda suka gudo. Duniya ta yi tir, mu ma mun yi.

Sannan ina waɗanda suka cika mana waya a watan Agustan 2023? Bayan juyin mulkin da ya kifar da Bazoum a ranar 26 ga Yuli, da ECOWAS ta rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ana maganar tura soja. Sanatocin Arewa suka ƙi, malamai suka tafi Yamai, mu kuma kowa ya sa a sitatus cewa Nijar da Najeriya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ashe 'yan uwantakar ta sitatus ce? Ɗanjummai ɗan'uwa ne idan yana Yamai ana nuna shi a talabijin, amma idan ya zo bayan get yana sayar mana da shayi sai ya zama baƙon haure?

An taɓa gwada wannan maganin, ba sau ɗaya ba. A watan Nuwambar 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Hausawan zango da Yarabawa, musamman mutanen Ogbomosho, suka sayar da abin da suka tara a arha suka dawo. Wataƙila a cikin masu gidajen da suka aiko mana da saƙo akwai jikokinsu. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta rama, farashin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, aka ce baƙi ne matsalar, aka haɗa da tuna wa mutane cewa Maitatsine daga Kamaru ya zo. Aka kori mutane, kimanin miliyan ɗaya daga cikinsu 'yan Ghana, da 'yan Nijar da Chadi masu yawa. Tattalin arziki ya gyaru? Kafin shekarar ta ƙare soja sun kifar da gwamnatin. Abin da ya rage mana daga wannan aiki shi ne sunan jakar da muke zuba kayanmu idan za mu dawo makaranta. Mu ma a Arewa muna da namu abin kunyar: watan Yunin 2017 wasu matasa suka tsaya a Kaduna suka ba Inyamurai wa'adi zuwa 1 ga Oktoba su bar Arewa. Wanda yake Kudu a lokacin ya san yadda cikinsa ya ɗuri ruwa, domin ya san a kansa za a rama.

Ku dubi Sudan, don a can ne ake yi wa Bahaushe abin da muke shirin yi wa wani. Hausawa da Fulani suna can fiye da shekara ɗari. Wasu hanyar Makka ce ta ajiye su, wasu kuma sun bi ayarin hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, har ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu. Duk da haka a 2022, a yankin Damazin da Rusairis, da Hausawa suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka ce musu baƙi ne, ba su da ƙasa. Aka yi rikici, aka kashe mutane da yawa, dubbai suka rasa matsuguni. Mun yi ta yaɗa bidiyo muna cewa an zalunci 'yan uwanmu. Hujjar da aka kafa a kansu ita ce hujjar da ke cikin takardarmu: mu ne na asali, su shigowa suka yi.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, tsakanin sojan Burhan da dakarun RSF na Hemedti, ɗalibanmu ne suka zama baƙi marasa gata. An kwashe su a bas zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara ana hana su shiga, sai farkon watan Mayu jirage suka fara sauke su a Abuja daga Aswan. Akwai ɗaya daga cikinsu a nan tare da mu, ya sake karatu daga farko. Ku tambaye shi yadda mutum yake ji idan rayuwarsa tana hannun wani mai biro da zai ce wuce ko koma. Shekara guda kafin nan, a iyakar Yukren da Poland, an riƙa sauke ɗalibai baƙaƙen fata daga jirgin ƙasa don a ba farare wuri. Nan ma mun yi ihu.

Tunda na taɓo Sudan, bari in faɗi wata magana mai ɗaci. Muna kuka da Gaza, kuma ya kamata mu yi, ban ce a rage ko ɗigon hawaye ba. Amma yaƙin Sudan ya raba mutane sama da miliyan 10 da gidajensu. An yi wa 'yan ƙabilar Masalit kisan gilla a Janaina a 2023. An tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin Zamzam a watan Agustan 2024. Ɗaruruwan dubbai sun tsallaka Chadi ta garin Adre, ƙasar da ita ma da ƙyar take ciyar da kanta. Sau nawa muka yi alƙunut saboda su a masallacin makaranta? Sau nawa muka tara ko naira dubu? Musulmi ne, baƙaƙe ne, wasunsu ma Hausa suke ji. Ina jin tsoron tausayinmu ya fi aiki idan azzalumin Bature ne ko Bayahude, wanda aka zalunta kuma yana nesa, ba zai zo ya nemi tabarma a ƙofar ɗakinmu ba.

Kuma mu daina yaudarar kanmu, rabinmu 'yan ci-rani ne masu jiran biza. Masu mastas nawa ne a cikinmu ke karatun jarabawar IELTS da dare? Da Birtaniya ta hana masu karatun mastas zuwa da iyalansu daga watan Janairun 2024, wa bai yi tsaki ba? Da suka ce za su riƙa kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda, mun ce rashin imani ne, mun ji daɗi da kotun ƙolinsu ta ce haramun ne a 2023. Da Trump ya dakatar da karɓar 'yan gudun hijira a 2025 amma ya buɗe wa fararen Afirka ta Kudu ƙofa, mun ce wariya ce tsagwaronta. Da aka ƙone shagunan 'yan Najeriya a Johannesburg a 2019 ana cewa su ne masu sayar da ƙwaya, mun ce laifin wasu ba ya zama laifin kowa. Bambancinmu da mai shayin bayan get shi ne mu jirgi muke nema, shi tirela ya samu.

Na ji hujjojin ɗaya ɓangaren, kuma ba zan yi kamar ban ji ba.

An ce iyakarmu a buɗe take, makamai da miyagu suna shigowa, ga Lakurawa nan a Tangaza da Gudu da sassan Kebbi. Gaskiya ne, kuma mutanenmu ne ke mutuwa. Amma Lakurawa ba sa tura baron ruwa a bayan get. Wanda ke tura baron, sau da yawa irinsu ne suka kore shi daga gonarsa. Gyaran iyaka aikin soja ne da kwastan da hukumar shige da fice, kuma ya kamata mu matsa musu su yi. Korar mai shayi a nan ba za ta toshe ko ɓarauniyar hanya ɗaya a Sakkwato ba.

An ce kowace ƙasa tana da ikon sanin wanda ya shigo mata. Na yarda ɗari bisa ɗari. Ƙasa, ba ƙungiyar masu gidaje ba, ba kuma ƙungiyar ɗalibai ba. Akwai hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna ba biza. Nijar ta fice a watan Janairun 2025, amma ECOWAS da kanta ta sanar cewa a ci gaba da barin 'yan Nijar da Mali da Burkina Faso suna zirga-zirga da zama har sai an sake shawara. Chadi ba ta cikin ECOWAS, gaskiya ne, amma wanda yaƙi ya koro yana da kariya a ƙarƙashin yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Afirka ta 1969, wadda Najeriya ke ciki. Waye a cikinmu ya san wanda ke da izini da wanda ba shi da shi? Ba mu sani ba, kuma ba hurumin mu ba ne.

An ce Tchiani yana zagin Najeriya, me ya sa za mu tsaya wa mutanensa. Haba jama'a. Mai gadin da ke kwana a kan benci saboda dubu ashirin a wata, shi ne ya yi juyin mulki? Mu za mu yarda a kama mu da laifin duk abin da shugabanninmu suka faɗa?

An kuma ce mu ɗalibai ne, karatu ya kawo mu, mu tsira da kanmu. To ai da sai mu yi shiru. Shiru ma matsaya ce, ko da ba ta burge ni ba. Amma takardar nan ta wuce shiru nesa, nuna yatsa ce.

Ga abin da nake ba da shawara a rubuta a maimakonta. Mu jajanta wa yaron da aka sara, mu je gidansu da kanmu, mu taimaka da kuɗin magani daga asusun ƙungiya. Mu rubuta cewa muna goyon bayan binciken 'yan sanda, kuma duk wanda aka kama da hujja a hukunta shi, ko ɗan Kano ne ko ɗan Tawa ko ɗan unguwar. Idan ana son rajistar masu sana'a, a yi wa kowa, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri, ta hannun ƙungiyoyin sana'arsu da Sarkin Hausawa, ba tare da layin "asali" ba. Mu ba da ɗalibai su yi tafinta idan 'yan sanda za su yi wa wani tambayoyi, don kada rashin yare ya kai mutum kurkuku. 'Yan uwanmu masu karatun lauya su zauna da masu sana'ar su faɗa musu haƙƙinsu da abin da doka ke nema a wurinsu, har da yadda ɗan Nijar zai je ofishin jakadancinsu ya gyara takardunsa. Sannan mu nemi zama da masu gidajen ido da ido, da limamin unguwa da fastonsu, mu ce musu tsoronsu tsoronmu ne, domin mu ma a gidajen nan muke kwana, laftof ɗinmu ma ana sacewa.

Addinin da muke taƙama da shi da hijira ya fara lissafin shekarunsa. Sahabbai sun nemi mafaka a Habasha wurin sarki Kirista, Ƙuraishawa suka biyo su da kyaututtuka suna neman a miƙo su, Najjashi ya saurari ɓangare biyu ya ƙi. Shehu Usmanu da kansa ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Iyayenmu suna cewa baƙonka annabinka. Ban kawo wannan don in yi wa'azi ba, akwai waɗanda suka fi ni sani a cikinku. Na kawo ne don ranar Asabar daga sallar la'asar za mu wuce wurin ƙuri'ar.

Shekaranjiya da dare na je shan shayi wurin Baba, wanda duk kun sani, wanda littafin bashinsa ke ɗauke da sunayen rabin 'yan ƙungiyar nan. Mutumin wajen Tawa ne, ya fi shekara ashirin a unguwar, tun kafin a gina yawancin gidajen da ake son korarsa daga cikinsu. Ya zuba min shayi, ya yanka burodi, sannan ya ce, "Malam, an ce ku za ku yi muna jarabawa ran Assabar?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi. Na ce, "Baba, ba a gama magana ba tukuna." Ya ce to Allah shi kyauta, ya juya ya ci gaba da fifita wuta.

Ranar Asabar zan zo, zan ɗaga hannu in ce a'a. Idan rinjaye ya ce a aika da takardar, ina roƙo a rubuce a cire sunana daga jerin 'yan kwamitin zartarwa kafin a buga hatimi. Wanda yake ganin na yi kuskure, ga fili nan, ya zo da hujja ba zagi ba, zan saurara. Wanda kuma ya yarda da ni, kada ya tsaya a turo min saƙo ta gefe yana cewa "gaskiya ka faɗa". Ya zo ranar Asabar, ya zo da abokin ɗakinsa.

Allah ya ba yaron nan lafiya, ya tona asirin waɗanda suka sare shi, ya mayar da duk wanda yaƙi ya kora gidansa, ya kuma kai mu gida lafiya da abin da muka zo nema. Amin.